MURHUN ƊUMAMA GIDA DA YADDA AKE KULA DA SHI A ƘASASHEN ƘANƘARA

Duk ɗalibin da ya zauna a darasin labarin ƙasa ya ji cewa akwai ƙasashen da koguna da tafkuna sukan daskare, su zama ƙanƙara, har wata huɗu ko biyar a shekara. Wanda ya ji haka dole ya tambayi kansa, shin yaya mutanen waɗannan wurare suke kwana, su tashi, su yi wanka, su tafi makaranta? Amsa ita ce, kusan kowane gida yana da wata na'ura mai ɗumama ɗakunansa duka, dare da rana. Za mu kira ta murhun ɗumama gida, ko murhu a taƙaice, ko da yake ba a ɗora tukunya a kansa.

A wannan rubutu za mu duba yadda murhun yake aiki, da yadda ake kula da shi, da kuma irin ɓarnar da sanyi yake yi idan aka yi sakaci. Mun ɗauki misalanmu daga Kanada da Amurka, domin a can ne aka fi amfani da irin murhun da yake hura iska mai ɗumi cikin ɗakuna. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, yawancin aikin ana yinsa ne tun sanyi bai iso ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

IRIN SANYIN DA MUKE MAGANA A KAI

A nan wajenmu, idan hunturu ya yi tsanani, ma'aunin zafi yakan sauko zuwa tsakanin digiri 10 da 15 da asuba, sai ka ga kowa ya ƙudundune. To, ruwa ba ya daskarewa sai ma'auni ya kai sifiri. A birnin Winnipeg, hedkwatar lardin Manitoba a Kanada, daren watan Janairu yakan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, wani lokaci har ya wuce 30. Firizar da ake ajiye nama tana aiki ne a wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. Ke nan ƙofar gida a Winnipeg ta fi cikin firiza sanyi. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Kanada shi ne digiri 63 ƙasa da sifiri, a wani ƙauye da ake kira Snag a yankin Yukon, ran 3 ga Fabrairu, 1947.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada ɗumin ɗakin zama ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi. Idan ɗaki yana digiri 20 sama da sifiri, waje kuma yana 20 ƙasa da sifiri, bambancin digiri 40 ne, kuma bango kaɗai ya raba su. Mun sani daga darasin kimiyya cewa zafi kullum yana gudu ne daga wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi. Saboda haka gida a irin wannan ƙasa kamar tulu ne mai yoyo. Zafi yana ta zurarewa ta bango da rufi da taga, murhu kuma yana ta ƙarawa. Ranar da murhu ya tsaya, yoyon ba ya tsayawa.

YADDA MURHUN YAKE AIKI

A dā itace da kwal ake ƙonawa, kuma sai wani ya tashi da dare ya ƙara. A shekarar 1885 wani mutum mai suna Albert Butz a jihar Minnesota ya ƙirƙiro na'urar da take buɗe ƙofar iska ta murhun kwal da kanta idan ɗaki ya yi sanyi, kuma daga aikinsa ne kamfanin Honeywell ya samo asali. A 1919 wata baƙar fata 'yar Amurka, Alice Parker, ta sami takardar mallakar fasaha a kan zanen murhu mai aiki da iskar gas. A yau kusan rabin gidajen Amurka da iskar gas ake ɗumama su, sauran kuma da lantarki ko mai ko itace.

Murhun gas akwati ne na ƙarfe, girmansa bai wuce na firji ba, kuma yawanci a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake kafa shi. Ga yadda yake aiki daki-daki:

1. A bangon falo akwai wata 'yar na'ura da ake kira tamostat. Maigida yakan saita ta a ɗumin da yake so, a ce digiri 21. Da zarar ɗaki ya sauko ƙasa da haka, sai ta aika wa murhu umarni ta waya.

2. Wata ƙaramar fanka ta fara juyawa don ta buɗe wa hayaƙi hanya. Makunni ya yi ja, bawul ɗin gas ya buɗe, wuta ta kama. Akwai wani siririn ƙarfe a cikin harshen wutar mai tabbatar da cewa ta kama. Idan bai ji wuta cikin 'yan daƙiƙu ba, sai a rufe gas nan take.

3. Wutar da hayaƙinta suna bi ta cikin wasu lanƙwasassun bututan ƙarfe. Mu kira su tukunyar zafi. Hayaƙi yana ciki, iskar gida tana bi ta bayansu tana ɗaukar zafi, ba sa haɗuwa ko kaɗan. Kamar miya ce da wuta: zafi yana ratsa tukunya, amma toka ba ta shiga.

4. Babbar fanka ta tura iskar da ta yi ɗumi ta cikin manyan hanyoyin kwano zuwa kowane ɗaki. Iskar da ta huce kuma ta komo ta wata hanya, ta bi ta cikin filta, wato matacin ƙura, a sake ɗumama ta.

5. Hayaƙi ya fita waje ta bututunsa.

A lura da abu ɗaya a nan, domin za mu komo kansa. Ko da yake gas murhun yake ƙonawa, fanka da makunni da tamostat duk da lantarki suke aiki. In babu lantarki, babu ɗumi.

Tsofaffin murahu sukan yi asarar kashi 30 ko 40 cikin ɗari na zafinsu ta bututun hayaƙi. Na zamani suna riƙe kashi 90 zuwa 98. Dabarar ita ce, idan gas ya ƙone yakan haifar da tururin ruwa. Sabon murhu yana da tukunyar zafi ta biyu wadda take tatse zafin hayaƙin har tururin ya koma ruwa. Ruwan yakan ɗiga ta wani siririn tiyo zuwa magudana, hayaƙin da ya huce kuma ya fita ta bututun roba da ya huda bango kusa da ƙasa. A ƙarshen 2009 Kanada ta hana sayar da sabon murhun gas na gida wanda bai kai kashi 90 ba. Wannan ci gaba ne, amma ya zo da nasa wahalar, kamar yadda za mu gani.

AIKIN DA MAIGIDA ZAI YI DA KANSA

Aiki na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne sauya filta. Ƙura da gashin kare ko kyanwa da zaren tufafi sukan taru a jikinta. Idan ta toshe, iska ba ta wucewa sosai, sai tukunyar zafi ta yi zafi fiye da kima. Akwai makunnin tsaro da yakan kashe wutar idan haka ta faru. Sai murhu ya dinga kamawa yana mutuwa, ɗaki bai yi ɗumi ba, kuɗin gas yana ƙaruwa, ƙarfen kuma yana gajiya. Ana duba filta kowane wata a lokacin sanyi, a sauya ta tsakanin wata ɗaya zuwa uku. Wanda ya ɗaga ta sama bai ga haske ta cikinta ba, ya san ta gama aiki. A gefenta akwai alamar kibiya, kuma dole kibiyar ta fuskanci murhu.

Na biyu, a gwada murhu tun watan Satumba. A ɗaga tamostat, a saurara. Ɗan warin ƙonewar ƙura a ranar farko ba abin damuwa ba ne. Amma ƙara kamar ta fashewa lokacin kamawa, ko kukan ƙarfe, ko murhun da yake mutuwa bayan minti biyu, duk alamu ne na a kira makanike. A watan Satumba makanike yana da sarari. A daren farko na tsananin sanyi kuwa, mutane ɗari suna kiransa a lokaci ɗaya.

Na uku, a dubi launin wutar ta 'yar tagar da ke jikin murhu. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce, tsayayya. Idan ta koma rawaya tana rawa, ko aka ga baƙin hayaƙi a jikin ƙarfe, to gas ba ya ƙonewa daidai.

Na huɗu, a bar wa murhu fili. Kada a jingina masa kwali ko tsumma, kada a ajiye fenti ko fetur kusa da shi. A cikin ɗakuna kuma kada kujera ko darduma ta rufe ƙofofin da iska take fitowa.

Na biyar, a toshe kafofin da sanyi yake shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Sai dai a yi hattara. Akwai hanyar da aka bari da gangan don murhu ya sha iska. Wanda ya cusa mata tsumma don yana jin sanyi na shigowa ya jawo wa iyalinsa haɗari.

Wanda yake zaman haya, kamar ɗalibin da ya je karatu, gyaran murhu ba nasa ba ne, na mai gidan ne. A birnin Toronto, alal misali, doka ta wajabta wa mai gidan haya ya tabbatar da ɗumin digiri 21 a lokacin sanyi. Abin da ke wuyan ɗan haya shi ne ya kai rahoto da wuri.

AIKIN MAKANIKE

Sau ɗaya a shekara, da kaka, ake kiran makanike mai lasisin aikin gas. Zai goge siririn ƙarfen nan mai jin wuta, domin ɗan dattin da ya hau kansa ya isa ya hana murhu kamawa. Zai auna ƙarfin gas, ya share fanka, ya wanke hanyar ruwan da yake ɗiga, ya leƙa bututun hayaƙi ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki da bazara. Abu mafi muhimmanci, zai duba tukunyar zafi ko ta tsage. Ƙarfen da yake zafi yana hucewa sau dubbai a shekara dole wata rana ya gaji. Idan ya tsage, hayaƙi yana iya samun hanyar shiga iskar da ake shaƙa. Murhu yakan yi shekara 15 zuwa 20 idan ya sami kulawa.

Duk abin da ya shafi bututun gas, maigida ba ya taɓa shi. Iskar gas a asalinta ba ta da wari. Ran 18 ga Maris, 1937, gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Teksas ba wanda ya sani, har ginin ya fashe, ɗalibai da malamai kusan 300 suka mutu. Bayan wannan ne jihar ta yi dokar a riƙa zuba wa gas wani sinadari mai wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, sauran wurare kuma suka bi sahu. Wanda ya ji wannan wari a gida kada ya kunna fitila, kada ma ya kashe wadda take kunne. Ya fitar da kowa waje, sa'an nan ya kira kamfanin gas daga can.

YADDA SANYI YAKE KASHE MURHUN KANSA

Abin mamaki ne a ce sanyi yana iya kashe na'urar da aka yi don yaƙi da shi, amma haka abin yake, kuma ta hanyoyi da dama.

Mun faɗa cewa bututan sabon murhu suna fita ne kusa da ƙasa, ɗaya na shan iska, ɗaya na fitar da hayaƙi. Iska takan tara dusar ƙanƙara a jikin bango yadda take tara yashi a gindin katanga, har ta binne bakin bututan. Haka kuma tururin da yake fita yakan daskare a bakin bututu, ya yi ta kauri har ya toshe shi. Idan an yi sa'a, makunnin tsaro ya ji hanya ta toshe, ya kashe murhu, gida ya yi sanyi. Idan ba a yi sa'a ba, hayaƙi ya komo cikin gida. Don haka bayan kowace guguwa, kafin maigida ya share hanyar mota, yakan fara zagayawa ya tone bakin bututan, ya kuma kakkaɓe ƙanƙarar da ta hau mitar gas da tsintsiya ko da hannu. Ba a dukan mita da shebur.

Ruwan da murhu yake ɗigarwa shi ma yana iya daskarewa, idan tiyonsa ya bi ta wurin da ɗumi ba ya kaiwa, kamar saman silin ko garejin mota. Da ya daskare sai ruwa ya taru ya koma baya, murhu ya tsaya. Maganinsa shi ne a naɗe tiyon da soso mai riƙe zafi, ko a ɗaura masa wayar lantarki ta musamman mai ba da ɗan ɗumi, a kuma tabbata ya gangara sosai don kada ruwa ya kwanta a ciki.

A gidajen da ake ƙona mai maimakon gas, man ɗan'uwan man dizal ne. Idan tankinsa yana waje, tsananin sanyi yakan sa ya yi kauri kamar man shanu, ya kasa bin bututu. Shi ya sa aka fi son tanki a cikin gida, ko a zuba wa man sinadarin da yake hana shi kauri.

IDAN RUWA YA DASKARE A BUTUTU

Yawancin abubuwa sukan tsuke idan sun yi sanyi. Ruwa kuwa idan ya zama ƙanƙara yakan ƙara girma da wajen kashi 9 cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa mance kwalbar lemo a firiza ya ga sakamakon. A cikin bututu, ƙanƙara takan fara toshe wuri ɗaya, sa'an nan ta dinga girma tana matse ruwan da ya maƙale tsakaninta da famfon da yake rufe. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka bututun ne yake tsagewa, sau da yawa ma a wani wuri dabam da inda ƙanƙarar take. Ba a ganin ɓarnar nan da nan. Sai ranar da ƙanƙara ta narke ruwa ya ɓalle cikin bango, ya jiƙa silin da katakon daɓe, ya cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda murhun kansa yake.

Ga matakan da ake ɗauka:

1. Da kaka a cire tiyon ban ruwa daga famfon waje, a rufe bawul ɗinsa daga cikin gida, a buɗe famfon ya tsiyaye.

2. A naɗe bututan da suka bi ta gareji ko jikin bangon waje da soso.

3. A daren da sanyi ya tsananta a buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya kai ga bututu, a kuma bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Ɗigar nan ita take rage matsin da yake fasa bututu.

4. Mai tafiya kada ya kashe murhu don tsimin kuɗi. Ya bar tamostat a digiri 13 ko sama, ya rufe babban bawul ɗin ruwa, ya roƙi maƙwabci ya riƙa leƙawa. Kamfanonin inshora da yawa a Kanada sun sa irin wannan a cikin sharuɗɗansu.

5. Kowa a gida, har yara manya, ya san inda babban bawul ɗin ruwa yake.

Idan aka buɗe famfo ruwa bai zo ba, a bar shi a buɗe, a ɗumama bututun a hankali da na'urar busar da gashi ko tawul mai ɗumi, ana farawa daga wajen famfo. Ba a kusantar bututu da harshen wuta, domin gidajen can yawanci na katako ne, kuma gobara da yawa ta haka take tashi.

Wani lokaci sanyi yakan fi ƙarfin kowane shiri. A Winnipeg ana binne bututan ruwa fiye da mita biyu a ƙasa, amma a hunturun 2013 zuwa 2014 daskarewa ta nutsa har ta kai gare su, gidaje fiye da 2,000 suka rasa ruwa, waɗansu har makonni.

ISKAR DA BA A GANI, BA A JIN WARINTA

Duk abin da muka faɗa a sama asarar dukiya ce. Wannan kuwa maganar rai ce. Idan gas ko gawayi ko fetur ya ƙone da isasshiyar iska, yakan ba da iskar kabon dayoksaid, irin wadda muke fitarwa da numfashi. Idan iska ba ta isa ba, sai ya ba da kabon monoksaid. Wannan ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga huhu takan manne wa jini fiye da yadda oksijin yake mannewa, sau 200 ko fiye, sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Suna kama da na mura, sai dai babu zazzaɓi. Idan mutanen gida duka suka kamu a lokaci ɗaya, kuma wanda ya fita waje ya ji sauƙi, to a yi zarginta. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mutane fiye da 400 suke mutuwa kowace shekara a ƙasar ta wannan hanya, ban da waɗanda gobara ta ci.

A 2008 wani iyali na mutum huɗu ya hallaka a garin Woodstock na lardin Ontariyo saboda bututun hayaƙin murhunsu na falo ya toshe. Wannan ya sa lardin ya yi doka, wadda ta fara aiki a 2014, cewa duk gidan da ake ƙona gas ko mai ko itace a cikinsa sai an kafa ƙararrawar gargaɗi kusa da ɗakunan barci. 'Yar na'ura ce kamar tafin hannu. Ana danna ta kowane wata a ji ko tana kuka, ana sauya mata batir, ana kuma duba ranar ƙarewar aikinta da aka rubuta a bayanta. Idan ta yi kuka, kowa ya fita waje tukuna, bincike ya biyo baya.

RANAR DA LANTARKI YA ƊAUKE

A watan Janairu na 1998 aka yi kwanaki ana ruwan sama mai daskarewa a gabashin Ontariyo da kudancin Kwibek. Ƙanƙara ta taru a kan wayoyi har manyan turakun ƙarfe suka durƙushe. Miliyoyin mutane suka rasa lantarki, waɗansu har fiye da wata guda, sai da aka tura sojoji fiye da 15,000 don taimako. Murahun gas suna nan lafiya lau, amma babu abin da zai juya fanka.

A Fabrairun 2021 kuma abin ya faɗa wa Teksas, jihar da ba ta saba da irin wannan sanyi ba, inda bututan ruwa da yawa suke bi ta saman silin ba tare da kariya ba. Gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan huɗu suka shiga duhu, bututai suka yi ta fashewa. Hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka mutu, 19 daga cikinsu ta kabon monoksaid. Mutane sun shigo da gawayi cikin ɗaki, waɗansu sun kunna mota a rufaffen gareji don su ji ɗumi.

Abin da masana suke koyarwa shi ne iyali su taru a ɗaki ɗaya, su rufe sauran, su sa tufafi bisa tufafi. Janareta a ajiye shi waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Ba a ɗumama gida da murhun girki. Idan gida ya kusa kaiwa sifiri, a rufe babban bawul, a buɗe famfuna duka su tsiyaye, a tafi wurin da hukuma ta tanada.

Wannan sashe ya shafe mu kai tsaye, ko da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki da hunturu a rufe ƙofa da taga, da janaretan da ake kwana da shi a zaure ko a lungun ɗaki don tsoron ɓarayi, iska iri ɗaya suke fitarwa da wadda ta kashe mutane a Teksas. A ji ɗumin kasko a fitar da shi kafin a kwanta, janareta kuma wurinsa waje ne.

KAMMALAWA

Idan muka tattara aikin shekara, ga yadda yake. Da kaka a kira makanike, a gwada murhu, a tsiyaye famfon waje, a naɗe bututai. Kowane wata a duba filta, a danna ƙararrawa. Bayan kowace guguwa a tone bakin bututan hayaƙi. Kafin tafiya a bar ɗumi a digiri 13, a rufe ruwa, a bar wa maƙwabci mabuɗi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake bukatar kuɗi mai yawa ko ilimi mai zurfi, sai dai a yi shi a kan kari.

Waɗansu daga cikin masu karanta wannan mujalla wata rana za su sami kansu a irin waɗannan ƙasashe don karatu ko aiki. Shawararmu gare su ita ce, ranar da aka ba su mabuɗin ɗaki, su roƙi mai gidan ya nuna musu abu huɗu: tamostat, filta, babban bawul ɗin ruwa, da ƙararrawar gargaɗi. Kada su ji kunyar tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.